Hasken Leza Bayan Aikin Yanar Ido

Ku sani, ya jama'ar malamai da fatake, sau da yawa akan cire wa dattijo yanar ido ya komo yana gani sarai, sa'an nan bayan shekara biyu ko uku hazo ya sake rufe shi, har wasulla su ɓace masa, lissafin kanti ya gagare shi. Sai ya ce yana ta dawo. Alhali kuwa ba ita ba ce.

Asalin al'amarin shi ne, likita yakan cire ƙwayar da ta yi fari, ya bar jakarta, ya sa ƙwayar roba a ciki, aikin da Harold Ridley ya fara a London a 1949. To, bayan jakar nan ne ke dushewa. Maganinsa hasken leza, wanda likitoci a Faransa da Suwizalan suka fito da shi wajen 1980. Yana huda jakar cikin 'yan mintoci, ba yanka, ba ɗinki.

Amma fa bugun hasken yana girgiza ido har can ƙuryarsa. A nan akwai tantanin gani, wanda Larabawa ke kira shabakiyya, shi ne kamar allon da sura ke sauka a kai. Bayansa akwai mashimiyya, shimfiɗar jijiyoyin jini mai ciyar da shi. Wani lokaci tsakiyar tantanin takan kumbura bayan makonni, sai baƙi ya karkace wa mai karatu. Mashimiyya ma an auna ta takan ƙara kauri kaɗan ga waɗansu, kana ta koma. Mafi hatsari shi ne tantanin ya yage ya ɓamɓare. Wannan nadiri ne, sai dai ya fi kusa ga wanda tun asali ba ya hangen nesa. Mai ciwon sukari kuwa kumburi ya fi yi masa barazana.

Saboda haka kada tsoro ya hana mutum zuwa, gama amfanin ya rinjayi cutarwar. Amma ya ɗiga maganin da aka ba shi, ya koma ranar da aka yanka masa. In ya ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun taso kamar ƙudaje, ko duhu ya sauko ta gefe kamar labule, to, ya rufe kanti ya nufi asibitin ido a ranar, kada ya jira a ci kasuwa.