Dashen itace da lissafin aljabra

Dakwaro tana arewacin jihar Maraɗi. Ruwan sama ba shi da yawa a can, iska kuma tana kwasar rairayi tana rufe gonaki. Shi ya sa ake dashen itace, musamman ran 3 ga watan Agusta.

Wata shekara an ba ƴan makaranta dashe 96 na dogon yaro. Filin da aka ba su dogo ne. Malam ya ce yawan itacen kowane layi ya fi yawan layukan da 4. Layi nawa za a ja? In aka yi kuskure, a yi ginar ramu a banza, dashe kuma ya bushe a rana.

Abin da ba a sani ba ana kiransa x. Layuka x ne, kowane yana da itace x + 4. Ana rubuta shi haka:

x² + 4x = 96

Hadiza ta tsinto tsakuwa ta jera a ƙasa. Ta fara da murabba'i, wato siffa mai gefe huɗu daidai: x tsaye, x kwance. Sauran jeri 4 ta raba su biyu. Ta sa jeri 2 a dama, jeri 2 a ƙasa. Sai ga giɓi a kusurwa, na tsakuwa 2 sau 2, wato 4.

In an cike giɓin, tsakuwa sun zama 96 + 4 = 100, babban murabba'i ya cika. Gefensa 10 ne, don 10 sau 10 ɗari ne. Amma gefen nan x + 2 ne. A cire 2 daga 10, saura 8.

Ke nan layi 8 za a ja, kowane da itace 12. A gwada: 8 sau 12 ya ba da 96.

Akwai amsa ta biyu, −12, amma ba a jan layin da ya gaza sifiri.

Wannan dabara tsohuwa ce. Wani masani mai suna Alhawarizmi ya bayyana ta cikin littafinsa a birnin Bagadaza, wajen shekarar 820. Daga kalmar Larabci «al-jabr» da ke cikin sunan littafin aka samo kalmar aljabra.

Aiki
1. Don mi aka raba jeri 4 gida biyu?
2. A nemi x da tsakuwa: x² + 10x = 39.