Madarumfa: Yadda cacar ƙwallo ta koma cikin waya, da hanyar rabuwa da ita

A da, mai son caca a yankin Madarumfa na jihar Maraɗi sai ya nemi rumfar PMU, cacar tseren dawakin Faransa da hukumar LONANI ke gudanarwa, jama'a na kallonsa. Yanzu wayar hannu ta wadatar. Matashi na zaune a fada, ana shan shayi, ya zuba jaka biyu a kan wasannin Ingila, na kusa da shi ma bai sani ba.

Shi ya sa rufe shaguna kaɗai ba ya kashe wutar. A watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca 30 a Kano, amma manhajojin na nan, kuma ba ruwansu da iyakar Ɗan Isa da Jibiya.

Lissafin bai taɓa goyon bayan ɗan caca ba. Wanda ya haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya, ko da kowane wasa rabi-da-rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Mugun tarkon shi ne ranar da tara suka fito, ɗaya ya ɓata: ƙwaƙwalwa na ɗaukar wannan kamar an kusa ci, alhali kuɗin sun tafi gaba ɗaya. Daga nan sai neman maido da asara, sai bashi, sai ƙarya, wani lokacin har buhun geron gida ya shiga kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa jarabar caca cikin cututtuka, ta kuma ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin ɗari na manya a duniya na fama da ita. Wa'azi na da amfani, amma galibin masu yi sun san haramun ce tun suna makarantar allo.

Abin da ya fi aiki shi ne a raba mutum da kuɗi tukuna. Ya faɗa wa wanda ya amince da shi, ya damƙa masa ajiyarsa, ya goge manhajojin, ya rubuta bashin da ake binsa. Idan barci ya gagara ko tunanin halaka kai ya shigo, sai a garzaya asibiti.

'Yan ci-rani da ke turo kuɗi daga Legas, Libiya ko Aljeriya su ma da nasu aikin. Biya wa ƙane bashin caca a ɓoye yakan share masa fagen wani sabo. Gara kuɗin hatsi su tafi hannun mai hatsi kai-tsaye, na makaranta kuma hannun makaranta.