Yadda Za Mu Ƙera Zobe Mai Launi Uku

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi an cika rumbu, rani yakan bar mu da lokaci. Ga wata sana'ar hannu da za mu iya koya a gindin bishiya, watau ƙera zobe da ƙarfe iri uku da aka tufke kamar igiya. Wannan aikin maƙeran farfaru ne, irin su Nufawan Bida da suka yi suna wajen tagulla, da Buzayen Agadas wajen azurfa.

Muna bukatar waya uku masu kauri ɗaya, kowace tsawon inci 6: ta jan ƙarfe, da ta azurfa, da ta tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda gamin jan ƙarfe ce da tutiya. Ana samun jan ƙarfe cikin tsohon injin da ya ƙone, azurfa kuwa sai a saya wurin maƙeri. Sauran kayan aiki su ne gawayi, awartaki, ƙaramar guduma, magagari, da sandar ƙarfe mai kaurin yatsa.

Asirin aikin yana wurin wuta. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma wannan maganar baƙin ƙarfe ce. Waɗannan uku da sanyi ake bugunsu. Duka da murɗawa sukan sa su taurare har su tsage, wuta ce ke sake tausasa su. Saboda haka mu gasa kowace waya dabam a inuwa, inda ido zai ga launi sosai. Da ta fara yin ja kaɗan sai mu cire, mu jira jan ya ɓace, mu tsoma a ruwa. Mu lura, jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, amma azurfa a 962 take narkewa, tagulla ma ba ta kai haka ba.

Sa'an nan mu ɗaure bakin wayoyin a ƙusa jikin kututture, mu kama ɗaya bakin da awartaki, mu ja, mu riƙa murɗawa har tufkar ta yi daidai. Mu sake gasawa, mu bubbuga a hankali ta yi faɗi. Mu auna yatsa da zare, mu yanke daidai awon, mu goge bakin da magagari. Sai mu naɗa a sandar ƙarfe, muna bugu da guntun itace don kada zanen ya ɓaci. Ruwan lemun tsami da gishiri zai wanke baƙin wuta.

Wajen haɗa baki, mu kai wa maƙeri ya liƙe da azurfa. Kada mu yarda da dalma, ko ta tsohon batir, gama guba ce. A 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Kada kuma mu ƙone robar waya, hayaƙinta yana cutar da huhu; a fere ta da wuƙa.

In zoben ya bar kore a yatsa, jan ƙarfe ne ya gamu da gumi, sabulu zai wanke. Mu fara gwaji da jan ƙarfe kaɗai, mu haɗa kuɗi a ƙungiya mu sayi kayan aiki. Hannu ya saba tukuna, kana mu taɓa azurfa.