Magagarin kabaid

Magagarin kabaid ƙaramin kayan aiki ne mai haƙora da ake ɗaurawa a bakin injin gurza na hannu domin rage ƙarfe, share walda ko gyara hanyoyin iska na kan injin mota. Ana yin sa da garin kabaid na tungstan da aka haɗe da kobal. Taurinsa ya kai kusan 9 a ma'aunin Mohs, amma yana da gautsi. Kaurin ƙotarsa yawanci milimita 3 ne ko 6. Irin ƙarfen da za a gurza shi ke nuna magagarin da ya dace.

Alminiyum

Alminiyum yana da laushi, kuma yana narkewa a digiri 660 na Salshiyos. Idan ya ɗauki zafi, ɓarɓashinsa kan liƙe a tsakanin haƙora har magagarin ya daina ci. Shi ya sa ake zaɓar mai manyan haƙora masu tazara da zurfi, ana shafa masa kakin zuma ko kananzir a kai a kai.

Ƙarfen zubi

Ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. A nau'insa mai ruwan toka, yawancin kabon ɗin girafait ne, irin na bakin fensir, wanda ke sa santsi da kansa. Don haka a bushe ake gurza shi, da magagari mai ƙananan haƙora masu gicciye juna. Idan aka zuba mai, yakan cakuɗe da ƙurar ya zama taɓo mai dakusar da haƙora.

Kariya

Ana sa tabarau da takunkumi, domin ɓarɓashi na iya shiga ido, ƙura kuma ta shiga huhu.