Daga dogon yaron Majiya zuwa jiragen Agadas: mece ce ribar Adar da Amurka?

A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, layukan dogon yaro biyu-biyu sun ratsa gonakin gero. An fara dasa su a 1975, bayan babban fari, da haɗin gwiwar manoma, ma'aikatan gandun daji, ƙungiyar CARE ta Amurka da samarin Peace Corps, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. Fuskar Amurka da talakawan Adar suka fara sani ke nan: matashi mai koyon Hausa, mai kwana a ƙauye.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya sauya wannan fuska. Tun daga nan hukumomin Washinton suka shiga duban Sahel da idon tsaro. A 2002 suka sa Nijar, Mali, Cadi da Muritaniya cikin shirin horar da sojoji don yaƙi da ta'addanci. A Janairun 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, aka kwashe ƴan Peace Corps, waɗanda ke ƙasar tun 1962. A 2019 jirage marasa matuƙi suka fara tashi daga sansanin Agadas, wanda ya ci kusan dala miliyan 100.

Shin jihar Tawa ta samu kwanciyar hankali? A Oktoban 2016 an kashe sojoji 22 a Tazalit, aka kuma sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak. A ranar 21 ga Maris 2021 mahara suka hallaka mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Jirgi yana gani daga sama, amma ba ya raba rigimar makiyayi da manomi, ba ya ba saurayi sana'a.

Akwai kuma kuskuren fahimta. Haɗuwar addini da mulki tsohon zance ne a nan. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyin Musulunci sun yawaita, sun ja da gwamnati a kan dokar iyali da raba addini da hukuma, ta hanyar wa'azi da zanga-zanga. Malamin zaure a Madawa da ɗan bindigar iyakar Mali ba tafiyarsu ɗaya ba. Dubban mutanen Sabon Birni da suka tsallako zuwa Bangi, a gundumar Madawa, a 2021, ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka koro su. Wanda ya haɗa waɗannan duka cikin ƙwarya guda, maganinsa ba zai dace da cutar ba.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya nuna yadda igiyar ba ta da ƙwari. A Oktoba Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakonta, har da shirin MCC na dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, wanda gyaran gandarin noman rani na Kwanni ke cikinsa. Daga Janairun 2024 ta cire Nijar daga tsarin AGOA mai sauƙaƙa kuɗin kwastan. A ranar 16 ga Maris 2024 majalisar CNSP ta soke yarjejeniyar soja, kuma a Satumba sojojin Amurka kimanin 1,000 suka gama ficewa. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rufe hukumar USAID. A Disamba ta sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana wa biza, sannan ranar 25 ga watan ta kai harin sama a jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tawa.

Darasin ga ɗan kasuwa da ma'aikaci a fili yake: manufar Amurka tana bin zaɓen Amurka, wanda ake yi duk shekara huɗu, alhali manomin Buza da damina yake lissafi. Zanen aro ba ya rufe katara. Aikin Keita da Italiya da FAO suka fara a 1984 ya bar tabkuna da ganuwowin dutse, saboda hannun matan ƙauyuka ne ya jera su. Haka dogon yaron Majiya ya daɗe a tsaye bayan tafiyar masu kawo shi. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla nan gaba, da Amurka, ko Rasha, ko Turkiyya, ya kamata a tambayi masu sa hannu tun kafin tawada ta bushe: in baƙo ya tafi, wa zai riƙe aikin, kuma da wane kuɗi?