Mantuwa Da Kiyaye Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

A ƙasar Gwandu, daga Liba da Maiyama har Jega da Aliero, in gardama ta tashi a kan iyakar gona ko rabon gado, dattawa a kan nema. Tsoho guda in ya ruɗe, shaidar shekara hamsin ta ɓace. Saboda haka lafiyar ƙwaƙwalwa ta shafi aikin kowane hakimi.

Mantuwa iri biyu ce. Wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa, sa'an nan ya tuna, wannan halin tsufa ne. Amma wanda ya ɓata tsakanin gidansa da masallaci, ko ya kasa gane ɗansa, wannan cuta ce. Ba maita ba ce, kada a bari a tsangwame shi.

Ga abubuwan da ke kawo ta:

1. Hawan jini da ciwon sukari. Su kan lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sau da yawa mai su bai sani ba.

2. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wanda ya tashi ya kan tashi da kurunta ko raunin tunani. A 2025 sanƙarau ya yi ɓarna a Jega da Aliero da Gwandu.

3. Buguwar kai, musamman faɗuwa daga babur.

4. Gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara wajen niƙan dutsen zinariya, waɗansu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

5. Taba, da giya, da kurunta, da zaman kaɗaici.

A 2024 wani kwamitin masana ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta ana iya hana shi ko jinkirta shi.

To, lalle ne hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su shaida wa talakawa: a riƙa awon jini a asibiti, a rage gishiri, kada ya wuce ƙaramin cokali guda a yini, a kai yara rigakafi, mai babur ya sa hular kwano. A riƙa jan tsofaffi hira da zaman majalisa. Wanda mantuwarsa ke ƙaruwa a kai shi Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, gama akwai irin da ke da magani.

Malaman hakimai kuwa su rubuta iyakoki da tarihin gari daga bakin dattawa tun suna tunawa.