Shirin Musamman: Tabon Fari da Ambaliya a Jikin Yara

Yau shirinmu zai duba ɓarnar da fari da ambaliya ke yi wa ƙananan yara, wadda ba ta fitowa fili sai bayan watanni.

Mu fara da Jamhuriyar Nijar. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango kuma suka auka wa gonaki. Kafin tsakiyar 2005 farashin gero ya yi tashin gwauron zabi, uwaye suka riƙa tururuwa zuwa cibiyoyin tamowa a Maradi, yankin da ya yi suna wajen noma. A shekarar kaɗai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu matsananciyar tamowa a ƙasar.

Ruwa ma idan ya yi yawa, a tamowa ake ƙarewa. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Gonaki sun nutse ana dab da girbi, ruwan masai ya haɗe da na rijiya, daga baya amai da gudawa ya ɓulla. Yaron da ke gudawa jikinsa ba ya riƙe abinci, wanda ya rame kuwa ba shi da ƙarfin ja da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro.

Ramewa tana warkewa, amma tsumburewa ta fi ta zurfi. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, wato kwana 1,000 na farko, jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Abin da aka rasa a lokacin yana da wuyar mayarwa, sai ya bi yaro har aji, har girma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 148 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure a duniya. A Najeriya, binciken lafiya na 2018 ya samu kashi 37 cikin 100, a arewa maso yamma kuwa kashi 57.

A asibitin unguwa, ma'aikaciyar lafiya kan naɗa wa yaro igiyar awo mai launi uku a damtse. Idan ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, rayuwarsa na cikin haɗari. Sannan ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa; idan gurbin yatsan ya zauna, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Maganin haɗin gyaɗa ne da madara da sukari da mai, kuma na mai ciwon ne shi kaɗai.

Iyaye mata, ku ba jariri nono zalla har wata 6, ko a tsananin zafin bazara, domin akwai isasshen ruwa a nono. Daga nan a ƙara wa kunu gyaɗa, wake ko zogale, a kuma tafasa ruwan sha.

Hukumomi kuwa sun san rumbu kan yi ƙasa daga Yuni zuwa Agusta, suna kuma samun hasashen damina kowace shekara. Rigakafi ya fi magani: a kai abinci da magunguna ƙauyuka tun kafin ruwa ya yanke hanya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya raya mana zuri'a. A huta lafiya.